Jamhuriya a Legas, Mulukiya a Kalgo: Sake Karanta Waƙar Sa'adu Zungur

Duk shekara idan 15 ga Janairu ta zagayo, wayoyinmu kan cika da tsofaffin hotuna. Ga Sardauna da rawani, ga Tafawa Ɓalewa a gaban makirfo, ga Malam Aminu Kano da farar riga. A ƙarƙashin hoton sai wani ya rubuta cewa a zamaninsu kan Arewa a haɗe yake, ba gaba, ba ƙyashi, kowa ƙasa ya sa a gaba. Sau da yawa akan ɗora baitin nan na Malam Sa'adu Zungur kan faɗar gaskiya, wanda ko yaran firamare sun haddace. Mu ma mun sha turawa. Mun riƙe baiti ɗaya, mun saki mawaƙin da rigimar da ta sa shi ɗaukar alƙalami.

Wannan sharhi kan waƙarsa ce mai suna "Arewa, Jamhuriya ko Mulukiya", da ɗan waiwaye kan raddin da Alhaji Mudi Sipikin ya yi mata mai suna "Arewa Jamhuriya Kawai". Mun zaɓi mu karanta su daga ƙasar Gwandu, inda muka tashi, domin yawancin nazarin da ake yi wa waƙoƙin siyasar wancan zamani daga Kano da Kaduna ake hangensu. Idan aka tsaya a Kalgo aka duba, tambayar da Malam Sa'adu ya yi takan sauya kama.

Sa'adu Zungur mutumin Bauchi ne, ya yi karatun addini mai zurfi a gida, ya yi Kwalejin Katsina, ya je Kwalejin Yaba a Legas. A Bauchi ya zauna dandalin muhawara ɗaya da Aminu Kano da Abubakar Tafawa Ɓalewa. A 1948 ya zama sakataren jam'iyyar NCNC ta Nnamdi Azikiwe, ya zauna Legas, ya ga siyasar Kudu daga ciki, daga baya ya dawo gida da ɗacin rai. Waƙar ta fito ne daga wannan dawowa, a kusa da 1950, lokacin da ake ta muhawarar sabon tsarin mulki. Ya rasu a 1958, bai ga ranar 'yancin kai ba, balle ranar jamhuriya.

Abin da kan ba sabon mai karatu mamaki shi ne, mutumin da ake kira uban 'yan sawaba bai zaɓi jamhuriya ba a cikin waƙar. Mulukiya ya zaɓa, amma mulukiya mai sharaɗi. Yana so sarakuna su zauna, su gyara, su daina zalunci, su buɗe ƙofar ilmi, su yarda a yi mulki da shawara, irin yadda gidan sarautar Ingila ya tsira ta hanyar sakin wani ɓangare na ikonsa. Idan suka ƙi, to jamhuriya za ta zo, kuma a ganinsa daga Kudu za ta zo, ta haɗiye su da ƙasar baki ɗaya. Ya buga musu misali da Indiya, kuma misalin sabo ne fil a lokacin: Indiya ta sami 'yanci a 1947 da masarautu fiye da 500, sojojinta suka shiga Haidarabad a 1948, ta zama jamhuriya a Janairun 1950. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Ƙarfin waƙar yana cikin yadda aka gina ta. Take kansa tambaya ce, kuma kalmomin nan biyu duka aro ne daga Larabci, ba daga Turanci ba. Da wannan kaɗai ya ɗauko muhawarar daga teburin Turawa ya kawo ta zauren malamai, inda sarki ba zai iya cewa maganar 'yan boko ce ba. Amsa-amon "ya" da ya riƙe har ƙarshe yana sa kunne ya riƙa komawa kan kalmomin take, ko da baitin yana magana kan wani abu dabam. Mai sauraro ba ya samun wurin hutawa daga tambayar. Sannan murya ce ta mai wa'azi, wadda Bahaushe ya saba ji tun zamanin masu jihadi, sai dai abin da ake tsoratarwa da shi a nan duniya yake, kuma ya kusa.

Mu mutanen Gwandu mun san wannan murya. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda kabarinsa ke garin Gwandu, ya taɓa juya wa rundunar jihadi baya tun ana cikin yaƙi, saboda abin da ya gani na son duniya a cikin jama'arsa. Ya nufi gabas, mutanen Kano suka tsayar da shi, a can ya rubuta "Liya'ul Hukkami" kan yadda ya kamata a yi mulki. Bayan rasuwar Shehu a 1817 an sami saɓani tsakaninsa da Muhammadu Bello kan wanda zai gaje shi, ba a daidaita ba sai a yaƙin Kalambaina, inda Bello ya kawo masa ɗauki. Wato ita ma daular da sarakuna ke tinƙaho da ita, da saɓani ta fara, kuma mai sukar ta na farko ɗan gida ne. Malam Sa'adu a wannan layi ya tsaya. Yana yi wa jikoki nasiha da ma'aunin kakanninsu, shi ya sa waƙar ta yi zafi ba tare da an iya kiranta rashin kunya ba.

A nan kuma rauninta na farko yake. Nasiha ga mai mulki tana ɗauka cewa gyara daga wurinsa zai fito. Talaka yana cikin waƙar a matsayin wanda ake zalunta, wanda ya kamata a tausaya masa, a ilmantar da shi. Amma ba shi ake tambaya ba. Tambayar take an aika ta fada ne, kuma fada ake jira ta amsa.

Mudi Sipikin bai yarda da jiran ba. Yana ɗan shekara 20 aka kafa NEPU a Kano ran 8 ga Agusta 1950, kuma yana cikin mutum takwas ɗin da suka kafa ta. Kalmar "kawai" da ya sa a taken raddinsa ta isa sharhi: ya ɗauki tambaya mai ƙofa biyu ya toshe ɗaya. Raddin yana nuna inda Jam'iyyar Mutanen Arewa ta tsage. Ƙungiya ce ta 'yan boko da aka yi babban taronta na farko a Kaduna a 1949, masu zafi da masu sanyi duk a inuwa ɗaya. Masu zafin suka fice da NEPU, da tauraro da kirarin sawaba. Sauran suka mai da ƙungiyar jam'iyyar siyasa a Oktoban 1951, ita ce NPC, da fartanya da kirarin salama, ta zama gidan sarakuna da ma'aikatan En'e. Abin lura shi ne, saɓanin waƙoƙin nan biyu ba tsakanin NPC da NEPU yake ba. Tsakanin malami da ɗalibi ne a ɓangare guda na masu neman sauyi. Tun kafin a je ga abokan hamayya, 'yan gida ba su daidaita kan abin da za a yi da sarauta ba.

To yanzu mu kawo waƙoƙin gida mu gwada su. Alhaji Haruna Rashid ya riƙe sarautar Sarkin Gobir na Kalgo kafin ya gaji Sarkin Gwandu Yahaya a 1954. A shekarun mulkin kai da Jamhuriya ta Farko shi ne shugaban Majalisar Sarakunan Arewa. A ɗaya zauren kuma, Majalisar Wakilai, Alhaji Umaru Gwandu ne ke kan kujerar kakaki. Ke nan majalisu biyun da ke yi wa Jihar Arewa doka a Kaduna, daga Sakkwato har Makurɗi, 'yan ƙasar Gwandu ne ke jagorancinsu, har sojoji suka rufe su a Janairun 1966. Zauren gado da zauren ƙuri'a, mulukiya da jamhuriya, suna aiki kafaɗa da kafaɗa a ƙarƙashin jam'iyya ɗaya. Malam Sa'adu ya ce a zaɓi ɗaya. 'Yan siyasar da suka karɓi mulki suka riƙe duka biyun.

Ran 1 ga Oktoba 1963 Nijeriya ta zama jamhuriya. Sarauniyar Ingila ta daina zama shugabar ƙasa, Azikiwe ya tashi daga Gwamna Janar ya zama Shugaban Ƙasa, aka daina ɗaukaka ƙara zuwa Landan. Tafawa Ɓalewa yana nan Firayim Minista, Sardauna yana nan Firimiya, Sir Kashim Ibrahim yana nan Gwamnan Arewa. Me ya sauya ga manomin shinkafa a fadamar Kalgo washegari? Harajinsa ta hannun mai unguwa da dagaci da hakimi yake bi zuwa baitulmalin En'e a Birnin Kebbi. Bafulatanin da ke maƙwabtaka da shi yana biyan jangali ta hanya ɗaya. Idan ya yi laifi ɗan dokan En'e ne zai kama shi, alƙalin En'e ya yi masa shari'a, a kai shi gidan yarin En'e. Idan wata jam'iyya tana son yin lacca a kasuwa, wurin En'e za ta nemi izini. Matarsa ba ta da ƙuri'a, kuma matan Arewa ba su samu ba sai a ƙarshen shekarun 1970. Mu da muke sana'ar rubuta manhaja mun san irin wannan aiki: a sauya suna da launin fuskar manhaja, a bar injin da ke ƙasa yadda yake. Mai amfani zai ga sabon tambari, amma duk maɓallin da ya danna, tsohon umarni ne zai gudana.

Wannan injin ne waƙoƙin biyu ba su tsaya a kansa yadda ya kamata ba. Ɗaya tana roƙon mai riƙe da shi ya ji tsoron Allah, ɗaya tana neman a sauya sunan gidan. Amma rigimar NPC da NEPU ta yau da kullum a kan ƙananan abubuwa ta gudana: wa ke ba da izinin taro, wa ke yanke wa ɗan adawa haraji, wace kotu ce za ta saurari ƙarar wanda aka ce ya zagi hakimi. Hajiya Gambo Sawaba ta shiga gidan yari sau da dama ta wannan hanya, haka ɗaruruwan teloli da mahauta da 'yan koli waɗanda ba a rubuta sunayensu ba.

Ƙa'idar ƙidaya ma wani ɓangare ne na injin. A zaɓen 1951 ba kai tsaye ake zaɓe ba, hawa-hawa ne, daga ƙauye zuwa gunduma zuwa lardi, kuma an ba En'e damar cusa nata mutane a matakin ƙarshe. NEPU ta yi rawar gani a matakin farko a Kano, amma ta tashi ba kujera ko ɗaya. A zaɓen tarayya na Disamban 1959, NPC ta sami ƙuri'a kusan miliyan biyu da kujeru 134 cikin 312. NEPU ta sami kimanin rabin miliyan da kujeru 8. A ƙuri'a, kashi ɗaya cikin huɗu na abin da NPC ta samu. A kujeru, kashi ɗaya cikin kusan goma sha bakwai. Ba sai an yi maguɗi ba kafin a sami irin wannan sakamako, tsarin wanda ya fi yawa ya kwashe duka ya isa, idan magoya bayanka a warwatse suke. A zaɓen jiha na 1961 kujera ɗaya tak NEPU ta samu. Duk wanda ya kalli majalisar Kaduna a lokacin zai rantse Arewa murya ɗaya gare ta. Rabin miliyan ɗin nan suna nan, kujera ce ba su da ita. Hoton haɗin kan da muke turawa a waya, daga cikin zauren aka ɗauke shi.

Adalci ne mu faɗi hujjar ɗaya ɓangaren. Mutanen NPC ba su riƙe En'e don mugunta kawai ba. A lokacin masu ilmin boko a Arewa 'yan kaɗan ne, kuma kusan dukansu En'e ce ta raine su, ta ba su aiki. Idan aka rushe ta a dare ɗaya, wa zai karɓi haraji, wa zai riƙe asibiti da makaranta? Tsoronsu shi ne ma'aikatan Kudu su cike gurbin, kuma wannan tsoro shi ne dai na Malam Sa'adu. Rikicin 1953, bayan Anthony Enahoro ya kawo ƙudurin mulkin kai a 1956 aka yi wa wakilan Arewa ihu a Legas, har jini ya zuba a Kano a watan Mayu, ya ƙara tabbatar musu da shi. Kuma sun yi aiki: Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, Bankin Arewa, makarantu da tura ɗalibai waje. Tafawa Ɓalewa kansa, a Agustan 1950, ya miƙe a majalisar Kaduna ya nemi a yi wa mulkin En'e garambawul. Abin da ya faru shi ne NPC ta karɓi rabin waƙar Malam Sa'adu, rabin da ke jin tsoron Kudu, ta yi tafiyar hawainiya da rabin da ke neman gyara.

Rauni na biyu na waƙar shi ne hasashenta. Ta yi daidai cewa ikon sarakuna zai zube. Ta kuskure inda guguwar za ta taso. A 1962 gwamnatin Sardauna ta yi dokar da ta ɗora 'yan siyasa a matsayin kwamishinonin larduna, sama da sarakuna. A 1963, watanni kafin a ayyana jamhuriya, gwamnatin nan ta sa Sarkin Kano Muhammadu Sanusi ya yi murabus bayan binciken kuɗin En'e, aka kai shi Azare. Ba Azikiwe ya yi ba, ba Awolowo ba. Jinin Shehu ne ya yi, daga ofishin Firimiya. Bayan 1966 gwamnatocin soja suka karɓe kotuna da gidajen yari da 'yan doka daga hannun En'e, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ƙarasa sauran, dokar filaye ta 1978 ta miƙa ƙasa ga gwamnoni. Haraji da jangali kuma sai a 1979 gwamnonin PRP, magadan NEPU, suka soke su a Kano da Kaduna. A nan gida, a 2005 gwamnan Kebbi ya sauke Sarkin Gwandu Almustapha Haruna Jokolo, ɗan shugaban Majalisar Sarakunan nan da muka ambata, maganar ta yi shekaru a kotu. Ba mu shiga wa ke da gaskiya a wannan shari'a ba. Muna nuna cewa cikin tsara ɗaya, gidan da ya shugabanci sarakunan Arewa duka ya koma ƙarƙashin sa hannun gwamnan jiha.

To Mudi Sipikin ne ya ci muhawarar ke nan? A takarda, i. Gwandu da Kalgo yau ƙananan hukumomi ne cikin 21 na Jihar Kebbi, wadda aka ƙirƙira a 1991, kuma ba hakimin da zai iya ɗaure mutum don ya halarci taron jam'iyya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma waɗanda suka sha ɗauri dominsa sun cancanci a tuna da su. Amma ikon da aka karɓe daga fada bai sauko hannun talaka ba, gidan gwamnati ya koma. A yawancin jihohinmu, jam'iyyar gwamna ce ke lashe kusan kowace kujera a zaɓen ƙananan hukumomi. Abin da Malam Sa'adu ya roƙi sarakuna, wato shawara da adalci da sauraron na ƙasa, shi muke roƙon zaɓaɓɓu yau, kuma da irin muryarsa ta nasiha muke roƙon. Shi ya sa waƙarsa ba ta tsufa ba duk da hasashenta ya kauce, raddin kuwa ya fi zama shaidar zamaninsa. Wanda ya yi tambaya ya fi wanda ya ba da amsa daɗewa a bakin mutane.

Akwai abin da waƙa ba za ta iya ba, komai ƙwarewar mai ita. Waƙar siyasa ɓangare take ɗauka, aikinta ke nan. Ba ta da wurin mutumin da ke tsakiya: malamin haraji na En'e wanda ƙanensa tela ne mai ɗinka tutar tauraro, alƙalin da ya san hukuncin da ake so ya yanke kuma ya san abin da littafi ya ce, matar da ta dafa wa 'yan lacca abinci alhali ba ta da ƙuri'a, hakimin da ya gane cewa kwamishinan da ya zo daga Kaduna tsohon yaronsa ne. Wannan aikin ƙagaggen labari ne, kuma a nan adabinmu ke da bashi. Marubutanmu na intanet suna fitar da littattafai masu babi ɗari kan gidajen attajiran Abuja, amma shekarun 1950 zuwa 1966, waɗanda suka raba gidaje, suka hana aure tsakanin 'yan salama da 'yan sawaba, kusan ba mai taɓa su. Waɗanda suka fi rubuta su da zurfi masana ne da Turanci, irin su Whitaker da Dudley da Paden, kuma littattafansu ba sa zuwa wayar ɗan sakandare a Jega.

Lokaci kuma yana ƙurewa. Wanda ya jefa ƙuri'a a 1959 yana ɗan shekara 21, yau ya haura tamanin da biyar. 'Yan kaɗan ne suka rage, a zaurukan Gwandu da Kalgo da Ambursa da Birnin Kebbi, tare da tsofaffin mata waɗanda suka ga komai ta bayan katanga ba wanda ya taɓa tambayarsu. Jami'ar Tarayya tana nan a bakin Kalgo cike da ɗalibai, kowanne da wayar da ke ɗaukar murya. Kafin Janairu mai zuwa, maimakon mu sake tura hoton nan, mu nemi waƙoƙin biyu mu karanta su daga farko har ƙarshe. Littafin Farfesa Ɗandatti Abdulƙadir na 1974 kan rayuwa da waƙoƙin Sa'adu Zungur wuri ne mai kyau na farawa. Sannan mu je wurin kaka ko baba tsoho, mu gaishe shi, mu zauna a ƙasa, mu tambaye shi akwatin da ya jefa wa ƙuri'a, fartanya ko tauraro, da abin da ya biyo baya a gidansu.